Ciwon suga a Kurfey: baki shi ke yanke wuya

Jama'ar Filinge da ƙasar Kurfey baki ɗaya, daga Shikal har Tukunus, da maƙwabtanmu na Bankuku da Damana, da ƴan uwa da ke bin mu daga wurin bida, Yamai, Kwatano, Legas da Abijan. Maganarmu ta yau ba ta da daɗi. Mun saba a nan mu ɗora wa hukuma laifi, kuma za mu zo kanta, amma yau da kanmu za mu fara.

Akwai wani saurayi a cikinmu. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba za mu faɗi unguwarsu ba. Shekararsa 23. Shi ke riƙe da gonar tsohonsa da damana, in an yi girbi ya ɗauki jakarsa ya tahi bida. Bara, bayan an shigar da hatsi, sai anka ga yaro yana ramewa. Yana cin tuwon mutum biyu, amma wando na zamewa daga ƙugunsa. Ba ya rabuwa da gorar ruwa. Dare guda sai ya tashi fitsari sau shida, sau bakwai. In ya zauna fada ana hira sai a ga ya jingina da bango, ƙarfi ya ƙare.

To mi munka yi? Munka buɗe baki. Wasu sunka ce, "Wanga yaro ya kwaso abin nan can bakin teku." Wasu sunka ce tiramol ce ta cinye shi. Tsofaffi sunka ce jifa ne, an ga shi ke ɗauke da gida. Kowa ya zama likita, amma ba wanda ya kama hannunsa ya kai shi wurin likita. Kusan wata ukku ana hayaƙi, ana jiƙa saiwa, har tunkiyar uwarsa ta tahi kasuwa. Sai wani dare da amai ya kama shi, ciki na murɗa, numfashi na fita da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu. Bisa amalanke anka kai shi asibitin Filinge. Anka huda yatsa, ɗigon jini guda, ko minti ɗaya ba a yi ba na'ura ta faɗi abin da gari duka ya kasa faɗi cikin wata ukku: suga ne.

Allah ya yi da sauran kwana. Anka ɗora shi bisa allurar insulin, ya je Yamai anka ƙara duba shi, ya dawo. Cikin makonni jiki ya murmure, fuska ta cika. Da a ce mu mutanen kirki ne a wannan fanni, da labarin ya ƙare nan. Amma sai munka sake buɗe baki. Gidan yarinyar da yake nema sunka aiko da saƙo: "Ba mu ba ɗiyarmu ga mai allura." Abokai sunka fara yi mai ba'a in ya ƙi shayi. Yaro ya koma yin allurarsa bayan rumbu kamar mai sata. Ranar kasuwa wani mai lasifika ya ce mai, "Bar alluran nasara, sha wanga kwana bakwai, ka rabu da suga har abada." Ya biya, ya bar allura. Kwana huɗu anka sake ɗaukar shi ranga-ranga.

Sau biyu ya leƙa kabari. Sau biyun nan duka, bakinmu ne ya tura shi. Shi ya sa muke wagga magana.

Mu fara da abin da ciwon yake, don rashin sani ya fi dare duhu. Abincin da muke ci, tuwo ne, hura ce, shinkafa ce, jiki na mayar da shi suga a cikin jini. Akwai wata ƴar halitta bayan tumbi, likitoci na ce mata pankireyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In babu insulin, ko yana nan amma ba ya aiki sosai, sai suga ya taru cikin jini, ƙoda ta dinga zubar da shi ta fitsari, ruwan jiki na bin sa. Daga nan ƙishirwa, daga nan rama. Mutum na ci amma jikinsa na cikin yunwa.

Ciwon iri biyu ne manya. Nau'i na ɗaya ya fi kama yara da samari: garkuwar jiki ce da kanta ke lalata wurin da ke yin insulin. Ba shan suga ke kawo shi ba, ba laifin yaro ba ne, ba laifin uwarsa ba ne, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allura kullum. Nau'i na biyu shi ne mafi yawa, kusan tara cikin goma, yana da alaƙa da gado, da ƙiba, da rashin motsa jiki, kuma sau da yawa ana fara riƙe shi da gyaran abinci da ƙwaya irin su metformin. Ba a ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ta cin abinci tare, ko ta aure, ko ta gaisawa. Gwaji ne kaɗai ke tabbatar da shi: in mutum ya kwana bai ci komi ba, anka auna da safe anka samu giram 1,26 a lita ko fiye, anka maimaita anka sake samu, to suga ne.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke ɗauke da shi, miliyan 24 a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba. Ku duba masallacinku, ku duba fadarku. Cikin waɗanda ke dariyar mai allura, akwai wanda sugansa ya fi nashi hawa, bai dai auna ba.

Yanzu ga waɗanda muke tuhuma.

Na farko, masu gulma, wato mu. A garin nan in matashi ya rame an gama yanke mai hukunci kafin ya kai bakin titi. In namiji ne, ya yi yawon banza. In mace ce, to Allah ya kiyaye abin da za a faɗi. Wannan ke sa yaro ya ji tsoron gwaji, don ya san duk wanda ya gan shi ƙofar asibiti zai kai labari. Ko da ma ciwon da kuke zato ne, shi ma magani gare shi, ba tsegumi ba. Wane ne cikinmu ya taɓa warkar da mutum da "an ce"?

Na biyu, masu lasifikar ranar kasuwa. Ba mu zo zagin maganin gargajiya ba. Da shi anka raine mu, kuma akwai masu gaskiya cikinsu da in ciwo ya fi ƙarfinsu za su ce maka tahi likita. Da maƙaryata muke. Wanda ya ɗora kwalba guda bisa mota ya ce tana maganin basir, shawara, sanyin mata, ƙarfin maza, hawan jini da suga, ya kuma ce ka yar da allurarka, wannan ba mai magani ba ne, ɗan kasuwa ne da ke ciniki da ranka. Hujjarsu ita ce ɗaci ke kashe zaƙi, sai a ɗura wa yaro maɗaci, garahuni da ganyen dogon yaro. Jini ba kofin shayi ba ne da za a gauraya ɗaci da zaƙi a samu daidai. Wanda jikinsa ya daina yin insulin, ko dajin Dallol Boso duka ya jiƙa ya sha, ba zai samu insulin ciki ba. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best sunka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, ko'ina a duniya akwai saiwoyi da ganyaye, amma yaron da wanga ciwo ya kama ba ya daɗewa. A watan Janairun 1922 anka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya tashi daga gadon mutuwa. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan. Mai lasifika kuwa, la'asar na yi ya naɗe tabarmarsa, mako mai zuwa yana wata kasuwa. Ranar da yaro zai faɗi, ba shi nan.

Na ukku, iyayen da ke fasa aure. Mun san kowa na son ɗiyarsa ta zauna lahiya, ba mu ce kada ku yi bincike ba. Amma ku yi binciken wurin masu sani. Mai suga da ke riƙe da maganinsa yana noma, yana kasuwa, yana aure, yana haihuwa. Mace mai suga tana ɗaukar ciki ta haihu lahiya in likita na bin ta tun kafin cikin da lokacin goyonsa. Abin da kuke tsoro, raunin namiji, lalacewar ido, ciwon ƙoda, yanke ƙafa, suga da anka bari shekara da shekaru ba kulawa shi ke kawo su. To wa ke barin suga ba kulawa? Wanda ke ɓoyewa. Wa ya koya mai ɓoyewa? Mu. Duk auren da anka fasa saboda allura, samari goma sun ji labari, sun kuma ƙudura cewa ko sun ga alama ba za su auna ba. Kun kori wanda ya faɗi gaskiya, gobe ku ba wanda ya yi shiru.

Samarin fada, ku da kuke kwana gardamar Real da Barsa, kun san Nacho Fernández. Yana ɗan shekara 12 anka gano yana da nau'i na ɗaya. Shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da ya ɗaga kofin zakarun Turai a Wembley ranar 1 ga Yuni 2024. Kun yi mai tafi a nan Filinge, gaban telebijin. In mai allura ya isa ya ɗaga kofi, abokinku bai isa ya riƙe gida ba?

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce, "Ku kuna magana, Nacho na da likitoci goma, mu talakawa ne." Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta kawo mu ga hukuma. Tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne, ga kuɗin mota, ga kwana, ga halin tsaro da ya sa tafiyar dare da hawan babur ba kamar da ba. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, da tiyatar haihuwa. A 2024 anka rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Mun yaba. Amma mai suga ba sau ɗaya yake biya ba. Insulin, sirinji, tsinken gwaji, kowane wata ne, har ƙarshen rai. Ɗan talaka da ke jiran damana guda a shekara, ina zai kai? Waɗanda sunka gano insulin dala ɗaya ta Amurka kowannensu ya karɓa daga Jami'ar Toronto a 1923, don maganin ya isa ga kowa. Abin kunya ne ga duniya a ce bayan shekara ɗari saurayin Kurfey na rage yawan allurarsa don kwalba ta kai ƙarshen wata.

Don haka muna kira ga ma'aikatar lahiya da shugabannin lahiya na gundumar Filinge: kowane CSI ya kasance da na'urar awon suga da tsinkenta, kuma duk matashin da ya zo da rama da ƙishirwa a auna shi tun ranar farko. Insulin da metformin su samu a nan gari ba yankewa, kada sai an aika direba Yamai. A ware rana guda a wata ta masu suga a asibitin gunduma, a koya musu allura, abinci da kula da ƙafa cikin Hausa, Zabarmanci da Tamashek. A duba yadda za a saka insulin na yara da matasa cikin abin da gwamnati ke ɗauka. Magajin gari da sarakuna, ku da ke da iko da kasuwa, wanda ya ce wa jama'a su yar da maganin likita a kashe lasifikarsa. Limamai, minti biyar cikin huɗuba sun isa. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon suga ta duniya, ranar haihuwar Banting ce. Mi zai hana a kafa rumfar awo kyauta a kasuwar Filinge wannan mako? Ƴan Kurfey mazauna waje da ke tara kuɗin gina masallaci da taimakon biki, na'urar awo da tsinke ma sadaka ce mai gudana.

Amma talauci bai wanke mu ba. Tunkiyar da anka sayar don hayaƙi ta fi kuɗin awo nesa ba kusa ba. Gulma kuwa kyauta muke yin ta, kyauta za mu iya barin ta.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce. Ƙwarai, ƙaddara ce, kamar yadda fari da fara suke ƙaddara, amma ba wanda ya taɓa ƙin shuka saboda haka. Neman magani ba ya cikin rashin tawakkali. Haka maganar azumi: a cikin suratul Baƙara an yi wa mara lahiya rangwame. Mai allurar insulin da ya ƙi ci tun asuba har magariba cikin zafin Afrilu yana iya faɗuwa. Ya je wurin likita tun watan Sha'aban, ya je wurin malami, ya bi abin da sunka ce. Mu kuma in mun gan shi yana shan ruwa da rana, mu kama bakinmu.

Yanzu kai ƙanenmu, ke ƙanwarmu, da anka faɗa wa wanga labari kwanan nan. Mun san dare na yi muku tsawo. Kuka ba laifi ba ne, fushi ma ba laifi ba ne. Amma ku ji wannan daga yayyenku.

Kada ku bar allura ko ƙwaya don kun ji sauƙi. Sauƙin nan maganin ne ya kawo shi. Ko zazzaɓi ya kama ku kun kasa cin abinci, kada ku tsai da insulin da kanku, ku nemi likita a ranar. Amai, ciwon ciki da numfashi mai ƙarfi alamar hatsari ce, ba a jiran safiya.

Ku faɗa wa aƙalla mutum biyu, ɗaya a gida, ɗaya cikin abokai. Ga dalili: suga na hawa, yana kuma faɗuwa, musamman in an yi allura ba a ci ba, ko an sha aikin gona. Alamarsa rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, rikicewar magana. In ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko kun ji alamun nan, ku sha ƙwayar suga ukku ko abin sha mai zaƙi nan take, sa'annan ku ci abinci. Kada aljihunku ya rabu da suga ko dabino. Jama'a, ku ma ku riƙe wannan: saurayin da kunka gani a tasha yana tangaɗi yana zufa ba lalle ɗan ƙwaya ba ne, ba lalle iskoki ba ne. In yana iya haɗiya a ba shi zaƙi. In ya suma kada a ɗura mai komi a baki, a kwantar da shi bisa gefe a yi asibiti da shi.

Maganar ajiya: insulin ba ya son rana, ba ya son ƙanƙara. Rashin firigo ko ɗaukewar kuran ba dalilin fid da rai ba ne. Wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba, wanda anka fitar a 2021 bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar da anka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu cikin zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Namu zafin na bazara ya wuce 40, don haka a koma ga dabarar gida: tukunyar ƙasa cikin tukunyar ƙasa, jiƙaƙƙen rairayi tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, kwalbar na cikin abin da ruwa ba ya shiga. Wani malamin makaranta a Dutse ta jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, da wagga dabara ya ci kyautar Rolex a 2000. Masu ginin tukwane ba su ƙare a ƙasarmu ba.

Abinci kuma, ba wanda ya hana ku tuwon hatsi. Awo ne da lokaci. Hura ba suga, wake, zogale, kuɓewa, yakuwa, nono, duk namu ne. Abin da za ku yi nesa da shi su ne lemun kwalba, bisap mai zaƙi, gari da suga, da shayin fada mai hawa ukku. Ku sa takalmi a gona saboda ƙaya da ƙarangiya, ku duba ƙafafunku kowane dare, ƙaramin miki ma a nuna wa likita. In za ku tahi bida, ku tahi da takardarku da maganin da zai ishe ku hanya.

Ku kuma abokansa, ba mu ce ku kore shi daga fada ba, ba mu ce ku dinga kallonsa da tausayi kamar gawa ba. Mai dafa shayi ya zuba mai nashi kofi kafin a saka suga. Ba wuya. Ranar da zai je awo, ɗayanku ya raka shi.

Saurayin da munka fara da labarinsa yana nan da ransa. Bana shi ya nome gonar tsohonsa. Ya daina zuwa bayan rumbu, gaban kowa yake allurarsa, wanda zai kalla ya kalla. Ba mu san ko gidan yarinyar za su sake tunani ba, wannan tsakaninsu ne. Mu dai mun san akwai irinsa a Luma, a Shikal, a Tukunus, a unguwannin Filinge, wanda yanzu haka yake tashi fitsari sau bakwai a dare yana tsoron abin da za mu ce. In kun san shi, kada ku kai labarinsa majalisa. Ku kama hannunsa gobe da safe, kafin ya karya, ku kai shi a huda yatsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lahiyarmu lahiya, ya zaunar da ƙasar Kurfey da Nijar baki ɗaya lahiya. Amin.